Despacito: Yadda aka haɗa waƙar Sifaniyancin da ta mamaye duniya a 2017, da abin da ta bari

Despacito waƙa ce ta mawaƙan tsibirin Puerto Rico biyu, Luis Fonsi da Daddy Yankee, wadda kamfanin Universal Music Latin ya saki a watan Janairun 2017. Ma'anar sunan a Sifaniyanci ita ce "sannu-sannu" ko "a hankali". Cikin watanni bakwai ta hau kan jadawalin waƙoƙi a ƙasashe fiye da 40, ta kuma zama bidiyon da aka fi kallo a tarihin YouTube a wancan lokaci. Wanda bai san ko kalma ɗaya ta Sifaniyanci ba ma ya san amonta, domin a shekarar ta shiga shagunan sayar da waya da motocin haya da wuraren biki a kusan kowace nahiya.

Abin da ya sa har yau ake komawa kanta shi ne hanyar da ta bi ta shiga kasuwar Amurka. Kafin ita, mawaƙin Latin Amurka da ke son kasuwar masu jin Turanci shi ne yake sauya harshe. A wannan karon, tauraron Turancin ne ya nemi a ba shi wuri a cikin waƙar, ya kuma koyi furta baitocinta.

Mutanen da suka haɗa ta

An haifi Luis Fonsi a birnin San Juan a 1978, iyayensa suka koma Orlando a jihar Florida yana ɗan kimanin shekara goma. Ya yi karatun kiɗa a Jami'ar Jihar Florida, ya fitar da kundinsa na farko a 1998. Kusan shekara ashirin an san shi da waƙoƙin soyayya masu sanyi, irin waɗanda ake sauraro a zaune, kuma mafi shahara a cikinsu ita ce No Me Doy por Vencido ta 2008. Akwai wani abu a tarihinsa da ba a cika ambata ba: a 2002 ya gwada kundi da Turanci mai suna Fight the Feeling domin ya shiga kasuwar Amurka, kundin bai karɓu ba, ya koma harshensa. Shekara goma sha biyar bayan haka, harshen da ya koma wa ne ya buɗe masa ƙofar da Turanci ya kasa buɗewa.

Daddy Yankee, wanda sunansa na yanka Ramón Luis Ayala Rodríguez, daga wata duniyar daban ya fito. Ya tashi a unguwar gidajen gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi a San Juan, kuma shi ne ya fitar da kiɗan reggaeton zuwa waje da waƙarsa Gasolina a 2004.

Mutum na uku, wadda sau da yawa ake mantawa da ita, ita ce Erika Ender, marubuciyar waƙoƙi 'yar ƙasar Panama. Fonsi ya sha ba da labarin cewa wata rana a 2015 ya farka da amshin waƙar a kansa, ya ɗauki jita ya naɗe shi, sannan ya gabatar wa Ender da shi lokacin da ta zo gidansa a Miami domin zaman rubutu. Su biyun ne suka tsara baitocin. A matakin farko waƙa ce ta jita mai ɗanɗanon kumbiya, kiɗan gargajiya na Kolombiya, babu rugugin ganguna a cikinta.

Fonsi ya ga tana buƙatar ƙarfin kiɗan titi. Ya miƙa ta ga furodusoshi biyu 'yan Kolombiya, Andrés Torres da Mauricio Rengifo, waɗanda suka ɗora ta a kan gangar reggaeton. Da farko an naɗi waƙar tare da mawaƙi Nicky Jam, amma saɓanin jadawali tsakanin kamfanoni ya hana a fitar da ita da muryarsa. Daga nan aka kira Daddy Yankee, ya rubuta nasa baitin, ya kuma ƙara wani gajeren amshi da ke biyo bayan babban amshin. Wannan ne ya sa sunansa ya shiga jerin marubutan.

Abin da ke cikin kiɗan

Waƙar tana buɗewa da ƙarar cuatro, wata ƙaramar jita mai tsirkiya goma da ake ɗauka a matsayin kayan kiɗan ƙasa na Puerto Rico, kuma makaɗi Christian Nieves ne ya kaɗa ta. Kayan kiɗan mutanen karkara ne da na tsaunuka, ba a saba jin sa a waƙar gidan rawa ba. Duk ɗan tsibirin da ya ji daƙiƙun farko ya san daga ina waƙar ta fito.

A ƙarƙashinsa akwai bugun da ake kira dembow: babbar ganga tana tafiya daidai wa daida, ƙaramar ganga kuma tana faɗowa a karkace, tana raba lokacin kashi uku, uku, biyu. Wannan rabon tsoho ne, masana kiɗa suna danganta shi da abin da bayin da aka kwasa daga Afirka suka kai yankin Karebiyan, shi ya sa kunnen ɗan Afirka ta Yamma ba ya jin sa baƙo. Sunan dembow kuwa ya samo asali daga waƙar Dem Bow ta mawaƙin Jamaika Shabba Ranks a farkon shekarun 1990. Bugun ya bi ta Panama, inda jikokin ma'aikatan da suka haƙa mashigin ruwa suka riƙa rera reggae da Sifaniyanci, ya bi ta New York, sannan ya sauka a unguwannin San Juan.

A can ma ba a karɓe shi hannu bibbiyu ba. A 1995 'yan sandan Puerto Rico sun kai samame shagunan sayar da kaset, suka kwashe faifan wannan kiɗa bisa zargin batsa da zuga matasa. Kiɗan da hukuma ta taɓa kwashewa daga kanti shi ne daga baya ya zama abin da aka fi sanin tsibirin da shi.

Ginin waƙar mai sauƙi ne. Amo huɗu ne kawai suke ta zagayawa daga farko har ƙarshe, saurin kiɗan kuma matsakaici ne, kimanin bugu 89 a minti ɗaya. Dabarar da ta fi kama kunne tana bakin amshi: kiɗan yana ɗan ja baya, mawaƙin ya rarraba kalmar take gaɓa-gaɓa, sannan ganga ta dawo. Sautin yana aikata abin da kalmar take nufi. Yawancin gaɓoɓin kuma a buɗe suke, baƙi da wasali, irin waɗanda bakin Bahaushe ko Bajapane ko Balarabe zai iya furtawa ba tare da tuntuɓe ba.

Game da ma'anar baitocin, babu amfanin ɓoye-ɓoye: namiji ne yake zawarcin mace da kalaman sha'awa, wasu a lulluɓe, wasu kusan a fili. Ender ta ce sun yi ƙoƙari su kauce wa kalaman wulaƙanta mata da aka san wasu waƙoƙin reggaeton da su. Duk da haka, iyaye da yawa da suka bar yara suna rera ta da sun sake tunani in da sun ji fassararta. Rashin jin harshen ya taimaka wa waƙar a wurare da dama.

Bidiyon La Perla

An ɗauki bidiyon a watan Disambar 2016 a ƙarƙashin darakta Carlos Pérez, a unguwar La Perla da kuma wata mashaya mai suna La Factoría a tsohon garin San Juan. Jarumar da ta fito a ciki ita ce Zuleyka Rivera, wadda ta lashe gasar sarauniyar kyau ta duniya a 2006.

La Perla unguwa ce matsattsa da ke maƙale tsakanin tsohuwar ganuwar birni da tekun Atlantika. Ta samo asali ne a wajen ganuwa, kusa da mayanka da maƙabarta, inda talakawa da 'yantattun bayi suka kafa bukkoki. An daɗe ana gargaɗin baƙi kada su leƙa ta saboda sunan da ta yi a harkar ƙwaya. Bidiyon ya nuna gidajenta masu fenti kala-kala, da dattawa masu wasan domino, da yara, da masu aski a bakin titi. Bayan fitowarsa masu yawon buɗe ido suka fara gangarawa cikinta suna neman wuraren da suka gani.

Shigowar Justin Bieber

Yawancin labaran da jaridun Turanci suka bayar sun fara ne daga nan, alhali waƙar ta riga ta yi nisa. Tun a watan Fabarairun 2017 ta hau kan jadawalin waƙoƙin Latin na mujallar Billboard, ta mamaye Sifen da Italiya da ƙasashen Latin Amurka, bidiyonta kuma ya doshi kallo biliyan ɗaya cikin kwana ɗari. A babban jadawalin Amurka na Hot 100 ne kawai ta tsaya tsakanin matsayi na 40 da na 50, saboda gidajen rediyon Turanci ba sa saka ta.

A watan Afrilu mawaƙin Kanada Justin Bieber yana rangadin wasanni a Kolombiya, ya ji ta a wani gidan rawa, ya ga yadda jama'a suka ruɗe. Ya sa aka tuntuɓi su Fonsi. An naɗi muryarsa a Bogotá cikin 'yan kwanaki, aka ƙara baitin buɗewa da Turanci wanda Jason Boyd, da aka fi sani da Poo Bear, da Marty James suka taimaka wajen rubutawa, shi kuma Bieber ya rera amshin da Sifaniyanci bayan wani mawaƙin Kolombiya ya koya masa lafazi. Sabon zubin ya fito ranar 17 ga Afrilu. Nan take waƙar ta shiga goman farko, a watan Mayu kuma ta hau matsayi na ɗaya.

Kafin ita, waƙoƙi biyu ne kacal masu rinjayen Sifaniyanci suka taɓa kai wa can: La Bamba ta ƙungiyar Los Lobos a 1987, da Macarena ta Los del Río a 1996. Despacito ta shafe mako 16 a sama, ta yi kunnen doki da One Sweet Day ta Mariah Carey da Boyz II Men, wadda ta riƙe tarihin tun 1996. Sai a 2019 Old Town Road ta Lil Nas X ta wuce su da mako 19. A Birtaniya ta yi mako 11 a matsayi na ɗaya, a jadawalin waƙoƙin Latin kuwa mako 56.

Ba a rasa abin kunya ba. A watan Mayun shekarar an ɗauki Bieber a wani gidan rawa a New York yana cike gurbin baitocin da surutai da sunayen abinci saboda ya manta kalmomin, abin da ya ɓata wa masu jin harshen rai. Fonsi ya kare shi, yana cewa baitocin suna da wuya ko ga mai harshen.

Muhawarar ko wa ya ɗaga wani ba ta ƙare ba. Gaskiyar magana, Bieber ne ya buɗe mata rediyon Amurka da Birtaniya, kuma da wuya ta yi mako 16 a sama ba tare da shi ba. Sai dai bidiyon da ya tara biliyoyin kallo na asalin waƙar ne, babu fuskarsa ko muryarsa a ciki.

Sauyin yadda ake ƙirga

Akwai dalilin da ya sa abin ya faru a 2017, bai faru a 2004 lokacin Gasolina ba. A da, jadawalin Hot 100 ya dogara ne a kan cinikin faifai da yawan sakawa a rediyo, wato a kan zaɓin masu kanti da shugabannin tashoshi. A 2012 aka faɗaɗa lissafin sauraro ta manhajojin intanet, a 2013 kuma aka shigar da kallon YouTube. Daga nan abin da mutane suke saurare da kansu ya fara bayyana a lissafi, ciki har da na miliyoyin masu jin Sifaniyanci da ke zaune a Amurka, waɗanda tashoshin Turanci ba su taɓa damuwa da su ba. Wayoyin hannu masu araha da suka bazu a Meziko da Brazil da Indiya da Indonesiya sun yi wa lissafin duniya irin wannan aiki.

A watan Yulin 2017 kamfanin Universal ya sanar cewa waƙar da sabon zubinta sun kai sauraro biliyan 4.6, mafi yawa a tarihi zuwa lokacin. A farkon Agusta bidiyon ya ture See You Again ta Wiz Khalifa daga matsayin wanda aka fi kallo a YouTube, ya zama na farko da ya kai biliyan uku, sannan huɗu, biyar, shida da bakwai. A watan Afrilun 2018 masu kutse sun shiga asusun Vevo suka sa ya ɓace na wasu sa'o'i, kafin a dawo da shi. Waƙar yara ta Baby Shark ce ta karɓe kambun a Nuwambar 2020.

Siyasa da taƙaddama

An saki waƙar mako ɗaya kafin a rantsar da Donald Trump, wanda ya yi yaƙin neman zaɓe da alƙawarin gina katanga a iyakar Meziko. Ba waƙar siyasa ba ce ko kaɗan, amma 'yan asalin Latin Amurka da dama sun ɗauki zamanta a saman jadawali duk tsawon bazarar a matsayin amsa.

A Malesiya, gwamnati ta hana saka ta a gidajen rediyo da talabijin na hukuma a watan Yuli bayan ƙorafin jama'a kan baitocinta. A Venezuela kuma Shugaba Nicolás Maduro ya sa aka sauya mata kalmomi domin tallata zaɓen majalisar sake tsarin mulki da 'yan adawa suka ƙaurace wa, a daidai lokacin da ake kashe masu zanga-zanga a tituna. Fonsi da Daddy Yankee da Ender duk sun fito sun yi tir da hakan, suka ce ba a nemi izininsu ba.

Lambobin yabo ma sun jawo magana. A bikin Latin Grammy na Nuwambar 2017 ta lashe huɗu, ciki har da waƙar shekara da faifan shekara. A babban bikin Grammy na Janairun 2018 an saka ta a rukuni uku, ta tashi hannu rabbana. Bruno Mars ne ya kwashe manyan biyun.

Sai kuma batun haƙƙin mallaka, wanda ya fi duk sauran nauyi ta fuskar kuɗi. A 2021 furodusan Jamaika Cleveland Browne da magadan abokin aikinsa marigayi Wycliffe Johnson, waɗanda aka sani da Steely da Clevie, suka shigar da ƙara a California. Sun ce bugun dembow daga kiɗansu na 1989 mai suna Fish Market aka ɗauko shi ba tare da biya ba. Ƙarar ta faɗaɗa har ta haɗa mawaƙa fiye da ɗari da waƙoƙi sama da dubu, Despacito na ciki, kuma a 2024 alƙali ya ƙi amincewa da buƙatar korar ta. Tambayar da ke gaban kotun ita ce ko mutum zai iya mallakar bugun ganga, kuma amsar za ta shafi mawaƙa da yawa da ba su da alaƙa da reggaeton.

Tsibirin da ke bayan waƙar

Puerto Rico yanki ne da ke ƙarƙashin Amurka tun 1898. Mutanensa 'yan ƙasar Amurka ne tun 1917, amma mazauna tsibirin ba sa jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa. A watan Mayun 2017, watan da waƙar ta hau matsayi na ɗaya, gwamnatin tsibirin ta shiga kotu neman kariya daga masu bin ta bashin da ya haura dala biliyan 70. Ranar 20 ga Satumba, makonni kaɗan bayan waƙar ta sauka daga sama, mahaukaciyar guguwar Maria ta afka wa tsibirin. Wutar lantarki ta ɗauke gaba ɗaya, wasu yankuna suka yi kusan shekara a duhu, daga baya kuma gwamnati ta amince da ƙiyasin mutuwar mutum 2,975. La Perla, da ke bakin teku, ta rasa rufin gidaje da yawa daga cikin waɗanda duniya ta kalla a bidiyo. Fonsi da Daddy Yankee sun shiga aikin agaji da tara gudummawa, Fonsi ya mai da hankali kan gyaran gidajen unguwar.

Abin da ya biyo baya

A 1999 Ricky Martin ya rera Livin' la Vida Loca da Turanci kafin ya hau saman jadawalin Amurka; haka Shakira ta koyi rubuta waƙa da Turanci domin kundinta na 2001. Bayan Despacito sai kogin ya juya. A Satumbar 2017 Beyoncé ta shiga Mi Gente ta J Balvin da Willy William tana rerawa da Sifaniyanci. Demi Lovato ta yi haka da Fonsi a Échame la Culpa. A 2018 I Like It ta Cardi B da Bad Bunny da J Balvin ta hau matsayi na ɗaya, Drake ma ya rera waƙa sukutum da Sifaniyanci tare da Bad Bunny.

Wanda ya fi cin gajiyar ƙofar shi ne Bad Bunny, wani ɗan Puerto Ricon, wanda bai taɓa sauya harshe ba. A Disambar 2020 kundinsa ya zama na farko da aka rera gaba ɗaya da Sifaniyanci da ya hau saman jadawalin kundaye na Billboard 200, kuma shi ne mawaƙin da aka fi saurara a Spotify a duniya a 2020 da 2021 da 2022. A 2022 ɗin ne kuɗin shigar kiɗan Latin a Amurka ya haura dala biliyan ɗaya a karon farko. Ba daidai ba ne a jingina duk wannan ga waƙa ɗaya, domin mawaƙan Medellín da San Juan sun riga sun tara masu sauraro kafin ta fito. Abin da ta yi shi ne ta nuna wa manyan kamfanoni adadin a rubuce, su kuma suka bi kuɗin.

Dabarar ɗauko waƙar da ta riga ta karɓu a gida a ƙara mata muryar tauraron Arewacin Amurka ta zama hanya sananniya, kuma mawaƙan Najeriya sun bi ta. Essence ta Wizkid da Tems ta shiga goman farko na Hot 100 a 2021 bayan Bieber ɗin dai ya shiga cikinta, Calm Down ta Rema kuma ta kai matsayi na uku a 2023 tare da Selena Gomez. Ƙorafin da aka yi a kan Despacito shi aka maimaita a kansu: waƙar ta riga ta cika kafin baƙon ya zo, amma rediyon Amurka sai da ya ga baƙon.

Fonsi ya saka Despacito a kundinsa Vida na 2019, ya ci gaba da fitar da waƙoƙi, ko da yake babu wadda ta kusanci wannan. Daddy Yankee ya yi wasan bankwana a San Juan a watan Disambar 2023, inda ya shaida wa masu kallo cewa zai mai da rayuwarsa ga addinin Kirista. Bidiyon La Perla kuwa ya wuce kallo biliyan takwas.